Inda mataccen injin fotokwafi ke zubar da dafinsa

Wanda ya taɓa leƙa cikin firinta mai lesa ya ga takardar gargaɗin da aka manna a ciki, yakan ɗauka hasken ne abin tsoro. Alhali lesar ba ta fi ƙwayar wake girma ba, tana kulle cikin akwatinta, da an ɗaga murfi kuma wutarta ke yankewa. Gaskiya ne akwai arsenik a jikinta, amma ɗan mitsitsi ne, kuma haskenta ba ya cutar da kowa sai mai gyaran da ya toshe makunnin kariya ya sa ido a kai. Ɓarnar gaske tana somawa ne ranar da injin ya mutu aka miƙa wa ɗan jari bola, shi kuwa guduma da ashana ne kayan aikinsa.

Garin tona ba tawada ba ce. Roba ce da aka niƙa ta fi fulawa laushi, aka gauraya da baƙin kabon, wanda hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar. A cikin inji, zafin kusan digiri 200 ke narkar da shi a kan takarda. Idan aka fasa kwanson tonar a fili, huhun mai fasawa ne takardar. Gangar da hasken ke zane a kanta, a tsofaffin injina, an shafe ta da seleniyam, wani lokaci haɗe da arsenik, a wasu kuma da kadmiyam. Fitilar da ke bin takarda a wasunsu tana ɗauke da zaiba, allunan lantarkin da aka ƙera kafin dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a 2006 kuma da dalma aka yi musu like. Mai ƙona waya don ciro tagulla yana shaƙar hayaƙi mai guba, tokar kuma ruwan damina ya kwashe ta zuwa kwata da rijiyar unguwa. Haka aka yi shekaru ana yi a Agbogbloshie ta Akra, kafin a rushe wurin a 2021.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin sabon inji, kuma shagunan fotokwafi na bakin jami'o'inmu da kwance suke cin abinci. Haka ne, kuma ina ganin gyara da sake cika kwanso sun fi jefarwa alheri nesa ba kusa ba, muddin mai cikawa ya rufe hanci, ya goge garin da tsumma mai ruwan sanyi. Amma injin da aka shigo da shi a mace shara ce, kuma yarjejeniyar Basel ta 1989 don irinta aka ƙulla. Dokar 2011 ta NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa nauyin karɓar matattun kayansu. Abin da ya rage shi ne rumfar karɓa a cikin kasuwannin da ake sayar da injinan, wadda za ta biya ɗan jari bola fiye da abin da tagullar za ta ba shi in ya ƙona.