Cinikin Katin 'Yan Wasa: Abin Da Sabon Ɗan Kasuwa Zai Lura Da Shi Kafin Ya Baje Haja

Hotunan 'yan ƙwallon ƙafa ba baƙon abu ba ne a kasuwannin Kafanchan da kewaye, inda ake sayar da su a jikin kalanda da bangon littattafan 'yan makaranta. Sai dai a ƙasashen Turai da Amurka, ƙananan katunan 'yan wasa sun zama babbar sana'a mai kasuwannin baje koli nata na musamman, kuma akwai darasi a cikinta ga duk wani ƙaramin ɗan kasuwa da ke shirin kafa rumfa karo na farko.

Kamfanin Panini na birnin Modena a ƙasar Italiya ya soma buga kundin hotunan gasar cin kofin duniya tun 1970. 'Yan wasan Nijeriya sun shiga kundin a 1994, shekarar da su Rashidi Yekini da Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, suka je Amurka. A can Amurka kuwa, babban taron masu tara katuna da aka fara a 1980 ya jawo mutane kusan 100,000 a birnin Anaheim a 1991. A watan Agusta na 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan Dala miliyan 12.6.

Irin wannan labari shi ke ruɗar sabon shiga. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kamfanoni sun buga katuna fiye da kima, jama'a suka yi ta saye suna ɓoyewa da nufin samun ƙazamar riba, amma yawancinsu a yau ba su da wata daraja. Dalili kuwa shi ne, ƙarancin kati da lafiyarsa su ne ke ba shi tsada. Saboda haka ne ma aka kafa kamfanin PSA a 1991, wanda ke tantance kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, domin kare mai saye daga jabu.

Ga ɗan kasuwar Kudancin Kaduna, wuraren gwada wannan haja sun haɗa da bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi, da kuma kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar KADCCIMA ke shiryawa a Kaduna. Amma lissafi shi ne gaba. Alal misali, idan kuɗin rumfa da mota da masauki sun tashi Naira 60,000, ribar kowane ƙunshi kuma Naira 300 ce, sai an sayar da ƙunshi 200 kafin a mayar da abin da aka kashe.

Har ila yau, kayan daga waje ake shigo da su. Bayan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Cutar da ta lalata gonakin citta a yankin a 2023 ita ma ta rage kuɗi a hannun jama'a.

Don haka ya kamata sabon ɗan kasuwa ya fara da kaya masu sauƙin kuɗi, ya rubuta farashi a fili, ya tanadi canji, ya kare katuna daga rana da laima, sannan ya rubuta duk abin da ya fita. Wanda ya koma gida da uwar kuɗinsa da sanin abin da masu saye ke nema, ya samu abin da zai dogara da shi wajen shirya fita ta biyu.