Hazaƙa da Buƙata a Neman Kuɗin Karatun Jami'a

Idan sakamakon jarrabawar bak ta kammala sakandare ya fito, labari ya iso garin Dawce da ke Nijar cewa ɗan wane ya ci, har ma da yabo, galibin iyaye sukan ɗauka magana ta ƙare, gwamnati da kanta za ta nemo yaron ta ɗauke musu nafaƙar karatunsa, tun da fahimtarsa ta bayyana ga kowa. Alhali kuwa hukumar ANAB da ke Yamai, wadda aka ɗora wa alhakin raba kuɗin tallafin ɗalibai, ba ta san hazaƙar kowa ba face wanda ya ajiye mata dosiye, wato takardun nema, cikin wa'adin da ta yanka.

Abin da hukumar ke bayarwa ga ɗaliban cikin gida kashi biyu ne, kuma wajibi ne a rarrabe su. Akwai burs, wadda ake duba makin ɗalibi da shekarunsa kafin a ce ya cancance ta. Akwai kuma taimakon jinƙai, wanda bai kai burs yawa ba, aka tanade shi domin waɗanda suka yi rajista a jami'a amma ba su samu burs ɗin ba. Saboda haka ba a haɗa wa mutum ɗaya su biyun, kuma ko wane ɗayansu sai an nema a rubuce. Na sha jin dattawa suna ƙyamar na biyun, wai neman sa bara ce, kuma zai zubar da darajar yaro mai ƙwazo a idon mahukunta. Ni dai ban ga hujjar wannan zato ba, domin malaman fiƙihu da dama sun halatta a ba ɗalibin ilmi mabuƙaci daga zakka, ba su kuwa ɗauki karɓarsa a matsayin tawaya ga iliminsa ba.

Inda ɗan karkara ya fi faɗuwa, a ganina, shi ne wajen takardu, musamman takardar haihuwa, wadda sai da ita ake samun ta zama ɗan ƙasa. Yaron da aka haifa a ɗaki, aka yanka masa rago ranar suna amma ba a kai sunansa ofishin magajin gari ba, sai daga baya a nufi Matameye da shaidu neman hukuncin alƙali. Idan kuwa shaidun suka yi kirdadon shekarunsa suka ƙara masa ɗaya ko biyu, ko marubuci ya rubuta sunan uba da harufan da suka saɓa wa na takardar bak, to wannan kuskuren da ba wanda ya kula da shi a lokacin yana iya fitar da shi daga sharaɗi, duk da makin da ya sha wahalar tarawa. Tun da aka kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa a 2010, ɗan Dawce ya huta da doguwar tafiya zuwa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yana iya zama a Jami'ar André Salifou ta Damagaram kusa da gida, amma sharaɗin dosiye bai sassauta ba. Guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bai wa Nijar kuwa, maki ne ke magana a cikinsu, sai dai su ma ba sa zuwa ga wanda bai nema ba.

Wanda ya ɗaga ido zuwa Amurka zai tarar da lamarin ya fi sarƙaƙiya. A can ƴan ƙasa suna cika takardar FAFSA, su bayyana samun iyayensu, baƙi kuma sukan cika CSS Profile ko takardar jami'ar kanta. Wasu jami'o'i ba sa sakin kyautar hazaƙa sai an cika takardar buƙata, wasu kuwa ba su haɗa su ba ko kaɗan. Akwai kuma waɗanda ke duba yawan tallafin da baƙo ya nema kafin su yanke hukuncin karɓarsa, don haka ya kamata manemi ya tambayi ko wace jami'a ƙa'idarta tun kafin ya aika da takardunsa.