Maganin Kaska Da Ke Kashe Maƙiyin Sauro

Duk wanda ya san Kasuwar Shasha ta Ibadan da damina ya san yadda ruwa ke kwantawa a bayan rumfunan tumatir da albasa. Tsaya bakin irin wannan kududdufi da hantsi, za ka ga mazari iri biyu. Akwai babba mai baza fikafikai idan ya sauka, akwai kuma siriri kamar tsinke, wanda ke haɗe nasa a bisa bayansa. Dukkansu a cikin ruwa suke yin ƙuruciya, watanni suna farautar ƙananan ƙwari, ciki har da tsutsar sauro.

Yanzu dubi abin da muke yi. Gabanin Babbar Sallah ana wanke raguna da maganin kaska, masu karen gadi su wanke shi da na ƙuma, a sheƙa sauran ruwan a kwata. Da yawa daga cikin magungunan nan suna ɗauke da sinadarin da za ka ga an rubuta cypermethrin ko fipronil a jikin kwalba. Ɗan abin da ba zai dami rago ba ya isa ya kashe ƙwarin ruwa, na farkon ma har da kifi. A 2020, masu bincike na Jami'ar Sussex sun ba da rahoton samun fipronil a kusan duk samfuran ruwan koguna 20 na Ingila, suka kuma ɗora zargin a kan maganin ƙumar karnuka da kyanwowi.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne wanda zai riga dawowa. Sauro daga ƙwai zuwa tashi kwana 7 zuwa 10 ne a irin zafinmu. Mazari sai ya yi watanni. Ruwan da gubarsa ta sane, sauro ne ke fara mallake shi ba mai cin 'ya'yansa, ga yaranmu suna kwana a kusa.

Ban ce a bar dabba da kaska ba, kaska ma cuta take yaɗawa. A dai yi wankan a busasshiyar ƙasa, nesa da rijiya da kwata, a dama iya abin da za a ƙarar. Kwalbar kuma a huda ta, kada uwargida ta zuba mai a ciki. Karen da aka ɗiga wa magani a ƙeya kada ya shiga ruwa sai bayan aƙalla kwana biyu. Na kare mai permethrin kuwa kada a shafa wa kyanwa, yana iya kashe ta.