Kalmar "Sanyi" da Ciwon Gaɓɓai

A bakin Bahaushe ciwon gaɓɓai sanyi ne. In tsoho ya kasa miƙe gwiwa da asuba a ce sanyin ƙashi, in yatsun mace suka ƙage a ce amosani. Sunan yana da dalilinsa, gama masu ciwon da yawa sun fi jin jiki da hunturu da damina. Amma wanda ya ɗora hannu bisa gaɓar da ta tashi, zafi zai ji. Ya kamata malaman da ke koyar da kiwon lafiya da Hausa su lura da wannan saɓani, domin sunan da aka ba cuta shi ke nuna wa majinyaci inda zai nemi magani.

Tun ƙarni na farko na Miladiyya Selsus, marubucin Rum, ya lissafa alamu huɗu na wurin da jiki ke yaƙi da rauni ko cuta, watau ja, da kumburi, da zafi, da raɗaɗi. Hanyoyin jini su kan buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su kwararo, waɗansu sinadarai kuma, irin su furostagilandin, su tsokani jijiyoyi. Kalmar "kumburi" ɗaya kaɗai ta ɗauka cikin huɗun, ga shi kuma ta haɗa da kumburin ciki da na ƙafar mai juna biyu, waɗanda ba su cikin wannan babi. Saboda haka "kumburi mai zafi" ya fi dacewa.

Cututtuka uku ne suka fi shiga inuwar kalmar sanyi. Ta farko zaizayar guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi. Ta fi kama gwiwa da ƙugu da yatsu, tsufa da ƙiba da tsohon rauni su ke jawo ta, kumburinta kuwa kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 528 a 2019. Ta biyu ita ce rumatoyid, wadda Alfred Garrod na Ingila ya raɗa wa suna a 1859. A nan garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin da ke cikin gaɓa, ya yi kauri, ya ci guringuntsi da ƙashi. Ta kan kama hannuwa biyu tare, ƙagewar safe ta kai awa guda ko fiye. Masu ita wajen miliyan 18 ne a 2019, kashi 70 cikin ɗari mata. Ta uku gawut, inda gishirin yurik ke daskarewa cikin gaɓa kamar ƙananan allurai, galibi a babban yatsan ƙafa, ciwon ya taso da tsakar dare. Amosanin jini, watau sikila, ko da ya ke suna ya gama su, asalinsa dabam ne, toshewar ƙananan hanyoyin jini ce.

Tun da asali ya bambanta, lalle magani ya bambanta. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin hana jiki yin furostagilandin ya ke yi, haka kuma danginsa, ibufurofen da dikulofenak. Suna kwantar da raɗaɗi, amma ba su tsai da ɓarnar rumatoyid, yawan shansu kuwa na kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Kotizon, wanda Philip Hench ya fara gwadawa a Amurka a 1948, ya kan sauke kumburi nan da nan, amma in aka daɗe a kansa sai ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini su biyo baya. Rumatoyid tana bukatar magani mai lafar da garkuwa, kamar metotireksat, a hannun likita, tun cikin watannin farko, gama gaɓar da ta lanƙwashe ba ta komawa. Mai zaizaya kuwa rage ƙiba, da tafiya, da ƙarfafa naman cinya su suka fi amfaninsa. Zaman da a ke sa mai sanyi ya yi a gindin wuta ƙara masa ƙagewa ya ke yi in ya hana shi motsi.

Akwai hali guda da ba ya jira. In gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da zafi da zazzaɓi, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga, tana kuwa iya lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki. A kai shi asibiti ran nan.

Ba a iya raba jama'a da kalmar da suka gada, ba a kuwa bukatar haka. Abin da ke wuyan malami shi ne ya koya wa ɗalibansa tambayoyi uku da za su bi bayanta: wace gaɓa ce, tana da zafi in an taɓa, kuma ƙagewar safe har yaushe ta ke sakewa.