Shin Ko Kun San? Tsuntsayen Baturiya da Idon Tauraron Ɗan'adam

Shin ko kun san cewa agwagin daji da ke cika fadamun Haɗejiya da hunturu, wasunsu daga Turai da yammacin Asiya suke tasowa, su ƙetare Sahara, su yi ta kiwo a nan har zuwa wajen Maris? An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 370 a dausayin Haɗejiya da Nguru.

Ko kun san dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008? Tafkin Nguru ya riga shi, tun 2000. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da Baturiya gandun daji na ƙasa. Dausayin Dagona da ke maƙwabtaka, a Yobe, har Yarima Philip na Ingila ya taɓa ziyarta a 1989.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ruwan fadama ba ya zama wuri guda. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ta saba zuwa da lokacinta ta canza hali, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, inda bara kwalekwale ya wuce bana sai ka tarar da dajin ciyawa. Ta yaya za a ce wa baƙo mai zuwa kallon tsuntsaye ga ranar zuwa, ga inda zai ga dinya da kirinjijiya?

Amsar na sama. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Turai ta fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton wuri guda kusan duk kwana 5, hotunan kuma kyauta ne. Na Landsat, mallakar Amurka, sun faro tun 1972, kafin ma a gama Tiga. Da su za a ga inda ruwa ya kwanta, inda ya janye, inda kachala ta ci, sai a shata hanyar baƙi nesa da sheƙar tsuntsaye, nesa da shinkafar manomi da komar masunci.

Ko kun san wayar hannu ma tana ƙidayar tsuntsu? Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta, da manhajar BirdLasser yake aiki: ka ga tsuntsu, ka shigar da sunansa, waya ta ɗauki wurin.

A ganina, hoto daga sama ba zai wadatar ba in babu sarkin ruwa da masunta a cikin shirin, don su suka san mashigar kowane rafi. Samarin Haɗejiya, Guri da Kirikasamma, ku koyi waɗannan manhajoji, ku zama ku ne 'yan jagorar baƙi, kuɗin ziyara ya tsaya a garuruwanku.