Shirinmu na yau: Yadda sunan Sa'adatu ke kashe maɓalli a shafin intanet

Yau da masu koyon haɗa shafukan intanet nake, musamman waɗanda suka fara cusa JavaScript a cikin HTML.

A ce ka yi maɓallin gaisuwa, ka rubuta onclick="gaisa('SUNA')", sabar kuma tana saka sunan wanda ya shigo a gurbin SUNA. Musa ya shigo, lafiya lau. Sa'adatu ta shigo, maɓalli ya ƙi aiki. Dalili? Ɗan waƙafin saman nan na cikin sunanta, da shi JavaScript ke rufe rubutu. A wajensa sunan ya ƙare a "Sa", ragowar "adatu" kuma shirme ne da bai gane ba. Mu da muke da su Mu'azu da A'isha ko'ina, ai kullum sai mun ci karo da wannan.

Wani zai ce ai Django da kansa yake mayar da alamar ta koma &#x27;. Haka ne, kuma ya wadatar idan sunan a tsakiyar shafi zai fito. Amma a cikin onclick bai isa ba. Burauza tana fara karanta HTML ne, ta dawo da alamar yadda take, sannan ta miƙa wa JavaScript. Ka ga an koma gidan jiya.

Abin tsoron shi ne, ƙofar da sunan Sa'adatu ya buɗe ba da niyya ba, mugu zai bi ta da gangan, ya rubuta umarni a gurbin suna, burauzar mutanenka ta aiwatar. Irin wannan kutse Samy Kamkar ya yi wa MySpace a 2005, cikin ƙasa da kwana ɗaya ya shafi asusu sama da miliyan ɗaya.

Ni dai shawarata, ka daina haɗa su a layi ɗaya. Ajiye sunan a data-suna="...", ka bar tsarin ya tace shi, JavaScript kuma ya ɗauko ta dataset. In bayanan da yawa ne, Django na da json_script, PHP na da json_encode, amma ka haɗa masa da JSON_HEX_TAG. Don ko a tsakiyar rubutu burauza ta ga </script>, nan take za ta rufe, ba ruwanta da alamar zance.

Kafin ka miƙa wa mai aiki shafinsa, yi rajista da sunan Sa'adatu ka danna kowane maɓalli.