Wa Ke da Ƙarfen Sabis ɗin Garinku?

In ka bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, za ka riƙa hango dogayen ƙarafan sabis. Kada ka ɗauka duk na kamfanin layinka ne. A 2014 kamfanin MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa wa IHS turaku sama da 9,000, ya koma biyan haya. A shekarar ce kuma manyan kamfanonin waya uku na ƙasar Sin suka kafa China Tower, don su riƙa hawa turke ɗaya.

Me ya sa? Ƙarfe, janareta, man dizal da mai gadi duk kuɗi ne. In kamfanoni suka raba wannan nauyi, ƙauyen da cinikinsa bai isa ya riƙe turke ba, shi ma sai sabis ya iso masa.